Ruwan Zobe da Samarin da Ke Tafiya Ci-rani

Da zarar an ɗaure dawa an gama roron wake, motocin da ke barin Dutsin-Ma da Kurfi zuwa Abuja da Legas sai su cika da samari 'yan ci-rani. Abin da ke ɗaure kai shi ne, har da 'ya'yan ƙauyukan bakin madatsar ruwa ta Zobe a cikinsu, madatsar da aka kammala a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, domin a sha kuma a yi noman rani.

Zobe ba ƙaramin aiki ba ne. Bangon ƙasa ne mai tsawon mita 2,750 da tsayin mita 19, wanda ya tare kogin Karaduwa da na Gada. An yi lissafin zai shayar da gonaki kimanin hekta 8,000. Amma ko ruwan famfon da aka yi wa Katsina alkawari sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi, shekara 38 bayan gini. Noman ranin kuwa har yau bai kai inda aka yi niyya ba. Galibin masu lambu da injinsu suke jan ruwa su shayar da tumatir da albasa da attaruhu.

Wannan inji shi ne ya zama ƙarfen ƙafa. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a 2024 har ta wuce 1,000. Mai lambu ba ya iya cewa yau ba zai yi ban-ruwa ba, don haka ribarsa a tankin inji take ƙonewa. Famfon sola yana raba shi da wannan ciwon kai, yana kuma kawo sana'o'i: mai haɗawa, mai gyara, mai sayar da kayan gyara, har yaron da zai riƙa goge ƙurar hunturu daga faifan. Matsalarsa kuɗin farko ne, wanda talaka ba ya da shi a dunƙule. A ganina, rancen da za a ba ƙungiyar manoma su biya bayan girbi ya fi rabon 'yan injuna a gaban kyamara amfani nesa ba kusa ba.

Akwai wani aikin da ba a cika kallonsa a matsayin sana'a ba, wato tsare madatsar daga cikewa. Duk itacen da aka sare domin gawayi a saman kogi, ƙasar da saiwarsa ke riƙewa Zobe za ta gangaro da ruwan damina. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun daɗe da gano magani mai araha. Tun shekarun 1980 suke yin sassaben zamani: manomi ba ya tumɓuke kututture, sai ya zaɓi tsiro mafi ƙarfi ya rage sauran, itace ya tashi da kansa. Da haka aka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a yankin Maraɗi da Damagaram. Gawo ya fi kowane itace amfani a nan, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, irin wannan aikin ya kamata ya biya matasa su yi. Gonar Songhai da gwamnatin tsohon Gwamna Ibrahim Shema ta kafa a Maƙera, bisa tsarin cibiyar Songhai ta Porto-Novo inda kashin kaji da sharar gona ke komawa taki, ita ce makarantar da ta dace da su, in dai ana ba ta kuɗin gudanarwa.

Batun yawon buɗe ido kuwa sai a bi shi a hankali. Ruwan yana da kyau, duwatsun Dutsin-Ma ma haka, amma dajin Rugu, maɓoyar 'yan bindiga, ba shi da nisa, kuma ba a manta da ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka sace a Oktoban 2023 ba. Ko bikin kamun kifi na Argungu, da duk sunansa, sai da ya yi shekara goma a rufe kafin ya dawo a 2020. Baƙin da Zobe za ta iya samu yanzu na gida ne: ɗaliban jami'a, 'yan makaranta, iyalan da ke neman wurin yawon Sallah daga Katsina. Buƙatunsu ba su da yawa. Kwale-kwale mai rigunan kariya, rumfa mai tsafta, banɗaki, matan da za su soya tarwaɗa, da hanyar da direba zai yarda ya bi bayan la'asar.