Tafarnuwa a Kiwon Tumaki Masu Ciki da Masu Shayarwa

Tagriss tana cikin gundumar Dakoro a jihar Maradi, a yankin kwarin Tarka inda gonakin gero ke haɗuwa da makiyaya. Hausawa da Buzaye da Fulani na nan duk suna kiwon tumaki, kuma kowa ya san wata matsala da ke dawowa shekara-shekara. Tunkiya tana ɗaukar ciki wata 5, wato kimanin kwana 150. Wadda rago ya hau da kaka, lokacin da take ƙoshe, za ta haihu ne da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, rana ta yi zafi, harawa ta yi tsada.

Nauyin cikin yana ƙarshensa. Kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi yana samuwa ne a makonni 6 na ƙarshe. A daidai wannan lokaci ɗan yana danne tumbin uwar, sai ta kasa cin abinci da yawa alhali buƙatarta ta ƙaru. In tagwaye ne, abin ya fi tsanani: tana iya kwantawa ta kasa tashi, ko ta haihu babu isasshen dakashi. Bayan haihuwa kuma nono ya fi cikin ma jan jiki.

A nan ne masana kiwo suka waiwayi tafarnuwa. Tun da Tarayyar Turai ta hana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don sa su ƙiba, a farkon shekarar 2006, aka shiga neman tsirran da za su taimaka. Ƙarfin tafarnuwa yana cikin wani sinadari mai suna alisin, wanda Chester Cavallito ya fara warewa a Amurka a 1944. Babu shi a cikin ƙwayar da ba a taɓa ba; sai an daka ta ko an tauna sannan yake haɗuwa, shi ne kuma warin nan mai hawa hanci. Wuta tana lalata shi, don haka dafaffiyar tafarnuwa ba ta da wannan ƙarfi.

Aikin alisin a tumbi yake. Tunkiya ba ita kaɗai ke narkar da ciyawa ba; ɗimbin ƙananan halittu ne a tumbinta ke yi mata aikin. Wasu daga cikinsu suna mayar da wani kaso na abincin iskar gas da take fitarwa da gyatsa, wanda asara ce. Gwaje-gwaje sun nuna sinadaran tafarnuwa suna iya rage waɗannan halittu, ta yadda ƙarin amfanin abincin zai tsaya a jiki. A wasu gwaje-gwajen an ga nono ya ƙaru, 'ya'yan sun yi saurin girma. A wasu kuwa bambancin bai taka kara ya karya ba. Haka batun tsutsar ciki: tafarnuwa ba ta kai maganin tsutsa na likitan dabbobi ba, kuma ba ta maye gurbin rigakafi.

Matsayinta a kwanon tunkiya shi ne matsayinta a tukunyar miya: ƙari ce, ba ita ce abincin ba. Tunkiyar da ba ta samu harawar wake da dusa da 'ya'yan gawo da kanwa da ruwa mai tsabta ba, tafarnuwa ba za ta tashe ta ba.

Mai son gwadawa ya nemi busasshiya mai kyau, irin wadda ake nomawa a lambunan Ayar na Agadas ko a fadamun Sakkwato. Ya ɓare, ya daka, ya shanya a inuwa, ya cuɗa ɗan kaɗan cikin jiƙaƙƙiyar dusa. Abin da masu bincike ke bayarwa 'yan giram ne a rana, ba cikin hannu ba. A fara da ƙanƙani har tunkiyar ta saba da warin, domin in ta ƙi dusar gaba ɗaya an yi asara biyu.

Yawan tafarnuwa haɗari ne. Tafarnuwa da albasa 'yan gida ɗaya ne, kuma in dabba ta ci su fiye da kima suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Alamomin su ne kasala, haki, fitsari ya yi duhu, cikin fatar ido ya yi fari. Mai ciki, wadda dama jininta ke ciyar da biyu, ita ta fi shiga wahala. Warin kuma yana iya ratsawa cikin nono. Saboda haka makiyayi ya riƙa buɗe idon tunkiyarsa yana dubawa. In ya ga fari, ya dakatar da tafarnuwa ya kira malamin dabbobi, domin tsutsa mai shan jini ma haka take nunawa.

Ga mai kiwo a Tagriss, shirin haihuwar bazara tun da kaka yake farawa: a tara harawa a kan rumfa, a ware masu ciki a ciyar da su daban, a ba su maganin tsutsa a kan lokaci. Wanda ya cika waɗannan, kuɗin tafarnuwarsa ba zai tafi a banza ba.