Murya ɗaya, mudu biyu: inda kiɗan biki ke sarƙewa a Kafanchan

A watan Disamba, sa'ad da ma'aikata ke barin Abuja zuwa gida, majami'un Kafanchan, Kagoro da Zonkwa kan cika da bukukuwan aure. Mai saka kiɗa da ya so haɗa "Canon" na Pachelbel da "Hallelujah" na Handel, wanda aka tsara a 1741, zai ga sun dace a takarda, domin dukansu a kan muryar D aka gina su.

Sai dai mudun ba ɗaya ba ne. Makaɗan zamani kan saita sautin A a kan girgiza 440 cikin daƙiƙa, masu kayan kiɗa irin na da kuwa sukan sauko 415, wato rabin mataki ƙasa. Mawaƙan da suka yi atisaye da piyano, idan aka sa musu faifan 415, karo za su yi ta yi da shi, jama'a kuma su ɗora musu laifi.

Gudun kiɗan ma ba ya zama wuri guda. Jagoran makaɗa yana ja yana sassautawa, manhajar ƙidayar bugu kuwa lamba ɗaya take bayarwa. Mai shirya taro ya sa a saurari faifan tare da mawaƙa tun jajibiri.