Abin Da Yawun Ɓera Ya Koya Wa Likitoci

A kasuwar Gwagwalada, mai shagon hatsi bai san ɓera da wani suna ba sai ɓarawo, maganinsa kuwa tarko ko guba. Amma ɗaliban likita da ke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, a cikin wannan gari, da yawan abin da suke karantawa game da maɓuɓɓugar yawu daga jikin ɓera aka gano shi.

Mutum da ɓera kowannensu yana da manyan maɓuɓɓugai iri uku, hagu da dama: ta gindin kunne, watau wadda hangum kan kumbura, da ta ƙarƙashin muƙamuƙi, da ta ƙarƙashin harshe. Abin mamaki, ɗan ɓera ba ya zuwa duniya da su a nune. Muddin yana shan nono, ta gindin kunnen ba ta aikin kirki. Sai wajen kwana 21, lokacin yaye, ya fara gaigayar tsaba, sannan take cika, ta riƙa zubo sinadarin da ke narkar da hatsi. Sa'an nan idan ya balaga, ta ƙarƙashin muƙamuƙi ta fid da waɗansu ƙananan bututu, waɗanda a ɓeran gida sun fi girma ga namiji.

To, a cikin waɗannan bututu aka tsinci dami a kala. A 1962 wani masani na Amurka, Stanley Cohen, ya ba da rahoton wani sinadari da ya tace daga maɓuɓɓugar namijin ɓera. Jariran ɓerayen da ya yi wa allurarsa sun buɗe ido cikin mako guda, alhali kuwa sukan kai kusan mako biyu, haƙoransu ma suka fito da wuri. Wannan aiki ne ya ba shi lambar Nobel a 1986, tare da Rita Levi-Montalcini ta Italiya, kuma daga baya aka gina waɗansu magungunan ciwon daji a kansa.

Saura batun tsufa. Ɓeran gwaji bai cika wuce shekara 3 ba, saboda haka ɗalibi ɗaya yana iya bin maɓuɓɓugarsa tun daga haihuwa har ta fara ƙanƙancewa, abin da a jikin mutum sai an jira shekara 70. Dattijon da ya zo asibiti yana kukan baki ya bushe, tuwo ba ya wucewa sai da ruwa, likita yakan fara ne da tambayar magungunan da yake sha, domin sau da yawa su ne sanadi, ba shekarunsa kaɗai ba.