Likita Slater da Gashin Ciwon Daji

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san wahalar ƙona sassabe. Idan wuta ta ƙwace, har gonar maƙwabci takan ci. Haka abin yake ga likitocin da ke gasa ciwon daji. Hasken da suka saba amfani da shi, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ne, amma ya fi shi ƙarfi. Yakan kashe ciwon, sai dai yakan ratsa jiki ya wuce, ya taɓa naman da ke lafiya.

Wannan shi ne ya dami Likita James Slater, mutumin Amurka. An haife shi a 1929, ya gama koyon aikin likita a 1963. A 1970 ya kama aikin gashi a asibitin Loma Linda, na ikilisiyar Adventist, a jihar Kalifoniya. Ya ga yadda majinyata ke galabaita, ba don ciwon kaɗai ba, har don maganin.

Tun 1946 wani masani, Robert Wilson, ya ba da shawara a gwada wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, ana ce da su furoton. Ana iya auna gudunsu su tsaya daidai zurfin da ciwon yake, su sauke ƙarfinsu a nan, kamar yadda muke auna zurfin ramin shuka. Abin da ke bayan ciwon sai ya tsira. An fara gwadawa a jikin mutane a 1954, amma a ɗakunan bincike kawai, domin injin ƙato ne, ga tsada.

Slater ya ce wurin majinyaci asibiti ne. Ya yi shekara 20 yana neman kuɗi da masana, har ma'aikatar bincike ta Fermilab ta ƙera masa injin. A 1990 Loma Linda ya zama asibiti na farko a Amurka mai irin wannan gashi. Ya rasu a 2018.

Yau ana amfani da shi musamman ga yara, da ciwon ido, da na kusa da ƙwaƙwalwa. Har yanzu da tsada, kuma ba kowane ciwon daji ke bukatarsa ba. Amma kowane irin gashi ya fi aiki idan ciwon bai bazu ba. Saboda haka wanda ya ji ƙullutu a jikinsa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, mu kai shi asibiti da wuri, kada mu jira sai an gama girbi.