Rumbun Makamai Ba Ya Zama Kango

Gidan da aka watsar yakan koma kango, yara su yi wasa a ciki, awaki su sha inuwa. Wannan ne ke sa mutane ɗaukar tsohon rumbun makaman soja a matsayin kango shi ma. Da zarar an ga ciyawa ta rufe ƙofa, babu soja a bakinta, sai masu son ganin ƙwaf da masu ɗaukar bidiyo da 'yan jari-bola su kama shiga. Kuskuren shi ne, ginin ne kawai ke mutuwa. Abin da ke cikinsa ƙara haɗari yake yi da tsufa.

Ƙauyen Mitholz na ƙasar Suwizalan ya ishe mu hujja. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ƙasar suka haƙa rumbu a cikin dutsen da ke gefen ƙauyen, suka zuba kimanin tan 7,000 na harsasai da bama-bamai. A daren 19 ga Disamba 1947 rumbun ya fashe, mutum 9 suka mutu, gidaje suka rushe. Aka sake gina ƙauyen, hukuma ta ɗauka cewa ragowar da duwatsu suka danne ba wata barazana ba ce, har aka ci gaba da amfani da sashen ramin da ya tsira. Sai a 2018 masana suka sake bincike, suka ce haɗarin ya wuce yadda aka zata nesa ba kusa ba, domin akwai kusan tan 3,500 kwance a wurin. A 2023 majalisar ƙasar ta amince da kashe faran biliyan 2.59 don kwashe su, kuma wasu mazauna ƙauyen za su bar gidajensu na tsawon shekaru. Ƙasa mai kuɗi da ƙwararru ke nan, ta yi shekara 70 tana kwana kusa da abin da ba ta san girmansa ba.

Me ya sa tsufa ba ya kashe makami? Albarushin zamani yana ruɓewa a hankali tun daga ranar da aka haɗa shi, shi ya sa ake gauraya masa wani sinadari mai rage saurin ruɓewar. Sinadarin ƙarewa yake yi, zafin rana kuma na gaggauta ƙarewarsa, daga nan albarushin na iya kamawa da wuta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ɗan abin da ke kan bam mai tayar da shi kuwa, tsatsa na cinye makullansa, damshi na sa sinadarin cikinsa ya haɗu da tagulla ya zama wani abu da girgiza kaɗan ke tayarwa. Akwai kuma bama-baman farin fosfarus, wanda iska kawai yake jira ya kama ci. Rumbun da soja ke kula da shi ana auna zafinsa, ana gwada albarushinsa, ana lalata wanda ya tsufa. Wanda aka watsar babu mai yi masa ko ɗaya.

Wani zai ce ai wurin ya shekara da shekaru shiru, mutane na shiga suna fita lafiya. Shirun ba shaida ba ne, don Mitholz ma shiru ya yi. Wani kuma zai ce kallo kawai zai yi, ba zai taɓa komai ba. To a cikin duhu, a ɗakin da rufinsa ya tsage, ƙafa ce ke taɓawa kafin ido ya gani, ga kuma gurɓatacciyar iskar rami da aka daɗe ba a buɗe ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci. Kwanson harsashi tagulla ne, tagulla kuwa kuɗi ce a wurin 'yan gwangwan, kuma mai jin yunwa ba ya jin wa'azi. Gaskiya ne, amma a duba abin da ya faru a Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, lokacin da rumbuna suka zauna babu tsaro. A Nuwamba 2013 mutum fiye da 40 suka mutu a Brak al-Shati, kudancin ƙasar, sa'ad da rumbu ya tashi da waɗanda suka shiga kwasar kaya. Abin da aka yi nasarar fitarwa daga irin waɗannan rumbuna kuma bai tsaya a can ba, ya bi sahara ya shigo Mali da Nijar, muna ji a jikinmu har yau. Saboda haka laifin farko na hukumar da ta bar wurin a buɗe ne, na biyu na dillalin da ke sayen kan bam a kilo alhali ya san ko mene ne.

Duk wanda ya ci karo da irin wannan wuri, ko wani ƙarfe mai kama da bam a gona ko a daji, kada ya ɗauka, kada ya jefe shi, kada ya kunna wuta kusa da shi. Ya koma ta hanyar da ya biyo, ya hana yara zuwa, ya sanar da mai unguwa da jami'an tsaro.