Yadda Ake Raba Gaɓoɓin Siffofin Turanci Masu Karan Ɗori

Da yawa daga cikinmu za su fita koyarwa a ƙauyuka, waɗansu ma a ƙasar Birnin Gwari, kusa da dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. To, in malami ya tashi ba yara labarin dajin nan da Turanci, ba makawa ya gamu da siffofin da aka haɗa da karan ɗori. Doka “broad-leaved” ce, giwa “thick-skinned”, kada kuwa “cold-blooded”. Yadda malami ya faɗe su ran farko, haka yara za su riƙe har su tsufa.

Inda muke tuntuɓe shi ne, Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu, ba ta kuma ƙare ta da su. A ce Bir-nin Gwa-ri, gaɓa huɗu ke nan, “gw” ɗin kuwa sauti guda ne. Saboda haka in muka ga baƙaƙe sun cunkushe, sai harshe ya cusa wasali a tsakani, yadda kakanninmu suka mai da “bread” burodi. Burodi dai ya zama namu, ba mai ƙwace shi, amma a aji “broad-leaved” gaɓa biyu ce tak, ba bu-rod-li-bed ba.

Babban tarko “ed” ɗin ƙarshe ne. Ba ya zama gaɓa sai in ya biyo bayan sautin “t” ko “d”. Watau “cold-blood-ed” da “short-sight-ed” uku uku ne, amma “thick-skinned” biyu, “e” ɗin a rubuce kawai yake. Sai dai Turanci ba ya rasa ɗan tawaye: “long-legged”, kamar zalɓe, yawancin Ingilishi da gaɓa uku suke faɗinsa.

Sa'an nan ga nauyin murya, wanda yakan yi ƙaura. In an ce “the forest is well-known”, nauyin yana kan “known”. In suna ya biyo baya, kamar “a well-known forest”, sai ya koma kan “well”. Mu da muka saba kowace kalma da karinta tsayayye, wannan yakan ba mu wuya. Dabarar da muka ga ta fi ita ce a sa yara su tafa hannu ga kowace gaɓa, su ƙarfafa tafin inda nauyin ya faɗa, tun ba a rubuta kalmar a allo ba.