Matsalar sabunta manhajar na'urorin Wi-Fi na gida

Tsarin Wi-Fi mai rassa yana da uwar na'ura mai karɓo intanet, da ƙanana masu yaɗa shi zuwa ɗakuna. Kowacce tana da manhajar ciki da kamfani ke sabuntawa, wasu kamar na'urorin Eero ma da kansu suke yi.

Matsala takan taso idan uwar ta karɓi sabon zubi, wani reshe mai raunin sigina ya tsaya kan tsoho, sai haɗinsu ya riƙa yankewa. Ɗauke wuta ana tsaka da aikin sabuntawa ya fi muni, domin yana iya lalata na'urar.

Maganin shi ne a matso da rassan kusa da uwar, ko a haɗa su da kebul, a kuma tanadi batir saboda ɗauke wuta. Ƙin sabuntawa kuwa yakan bar ƙofar kutse a buɗe.